Tikal, birnin da ya rayu babu kogi babu rijiya

Ni aikina ruwa ne. Safiyo nake yi wa masu haƙa bohol, wato ni ake fara turawa da na'ura in auna ƙasa in ce a haƙa nan ko a matsa gaba, kuma yawancin aikin nawa tsakanin Akko da Kwami da Dukku ne, duk wanda ya san wannan yanki ya san me ake nufi in an ce ruwa ya yi nisa. Wani wurin sai a wuce mita 200 ana nutsa rodi yashi kawai ke fitowa a bushe, mai gari na tsaye, mata na leƙe ta katanga, kuɗin da jama'a suka yi karo-karo yana ƙarewa a dizal. Toh da aka tura mu wani kwas na ruwan ƙarƙashin ƙasa a can nahiyar Amurka, wata rana malaminmu ya kawo misalin wani tsohon birni mai suna Tikal na Maya, mutanen asali na tsakiyar nahiyar, ya ce birni ne da ya ɗauki dubun-dubatar mutane ya yi sama da shekara 1,000 yana raye, kuma babu kogi kusa da shi, babu tabkin Allah, babu rijiyar da ta kai ga ruwa. Ya faɗa ya wuce wani darasi abinsa, ni kuwa maganar ta zauna min daram. Da hutun tsakiyar kwas ya zo kowa ya kama gabansa, wasu bakin teku wasu sayayya, ni na ce sai na je na gani da idona.

Ban iya Sifaniyanci ba, wurin kuma a ƙungurmin daji yake a arewacin Gwatamala, yankin da suke kira Peten, dan haka na nemi irin kamfanonin nan da suke haɗa mutane kaɗan su ba su mota ɗaya da ɗan jagora ɗaya, ka biya kuɗinka a dunƙule, masauki da mota da kuɗin shiga duk a ciki. Ƙaramar bas ɗaya ta kwashe mu har da sauran kujera. Akwai wasu dattawa mata da miji 'yan fansho daga Kanada, da 'yan mata ɗalibai daga Jamus, da wani likita ɗan Indiya da matarsa, sai ni, kuma ni kaɗai ne Musulmi a ciki.

Da na kira gida na faɗa, Baffana wanda shi ya riƙe mu tun rasuwar mahaifinmu ya yi shiru can ya ce, toh kai me za ka je nema a gidan gumaka? Na ce Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, ruwa za ni gani. Shi da kansa ya janyo ayar nan ta Suratur Rum da aka ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yanda ƙarshen mutanen da suka gabata ya kasance, ya ce in dai da wannan niyya ce Allah ya kiyaye hanya, ka kula da sallarka da abin da za ka sa a bakinka.

Daga Beliz muka fara. Ƙaramar ƙasa ce, Ingila ta yi musu mulkin mallaka sai 1981 suka samu 'yancin kai, Turanci suke yi kuma baƙar fata ba su da wuyar gani, dan haka ban ji baƙunta sosai ba. Kusa da garin San Ignasiyo akwai wani kufai mai suna Shunantunic, kafin ka isa sai an fitar da motarku kogin Mopan a kan wani jirgin fito da mutum ɗaya yake juya hannunsa yana jan igiyar ƙarfe har ku kai wancan ƙetaren. Babbar dalar wurin ta kai kusan mita 40, daga samanta kana hango cikin Gwatamala. Na hau na sauko, yana da kyau gaskiya, amma wannan gari da koginsa a gindinsa, ba shi ya kawo ni ba. Washegari muka tsallaka boda, aka buga mana hatimi, muka canza kuɗi zuwa nasu da suke kira ketsal, Turanci ya ƙare daga nan.

Wanda zai je ya shirya yawan tambaya a kan abinci. Masara ce abincinsu safe da rana da dare, tun asali ma daga wancan ɓangaren duniya masara ta fito, ita da barkono da kabewa da gwanda, abubuwan da mu yanzu muke gani kaman tun kaka da kakanni namu ne. Sukan dafa masarar da ruwan farar ƙasa ta kwana a ciki, a wanke a niƙa a mulmula a faɗaɗa da tafin hannu a gasa a kasko, ita ce tortiya, kuma wannan dahuwar da farar ƙasa tana fito da wani sinadarin gina jiki da ke kulle a cikin masara wanda in an niƙa ta haka kawai jiki ba ya samu. Da ita ake cin baƙin wake da ƙwai da soyayyar ayaba, a bakin tabki kuma a samu kifi. Inda gizo ke saƙa shi ne wake, dan wasu da kitsen alade suke soya shi kuma ba za ka gane da ido ba. Jagoranmu tun ranar farko da na yi masa bayani ya ɗauki abin a kansa, duk gidan abincin da muka shiga shi zai fara leƙawa kicin ya tambayo, in da kitsen ya ce min yau ƙwai da ayaba za ka ci. Ni da likitan nan da ba ya cin nama muka zama abokan teburi har aka gama tafiyar.

A cikin gandun Tikal ɗin muka kwana, akwai 'yan masaukai kusa da ƙofar shiga, wutarsu ba ta kwana, sauro kuma ba a magana, ga wani irin zafi mai jiƙa riga tun kafin ka motsa, dan iskar wurin a jiƙe take, zufa ba ta bushewa. Abu na farko da ya tsayar da ni a hanyar shiga wata ƙatuwar bishiya ce mai farin jiki da saiwoyi masu fuka-fuki, kowa na ɗaga kai yana ɗaukar hoto jagora na bayani wai ita ce bishiya mai tsarki a wurin Maya, a tunaninsu ita ta haɗa sama da ƙasa da ƙarƙashin ƙasa, kuma ita ce bishiyar ƙasa ta Gwatamala. Na matsa na shafa jikinta na duba ganyen, wallahi rimi ne, riminmu na gida mai auduga da ake cusa matashi da ita. Na gaya musu a garuruwanmu har unguwa ake sa wa sunansa, jagoran ya yi ta mamaki.

Tun kafin asuba aka tashe mu, kowa da tocila, muka shiga daji a layi. Duhu ne na gaske, kuma ba mu yi nisa ba wani ruri ya ɓarke a saman kanmu mai ratsa ƙirji, in ba a gaya maka ba za ka rantse zaki ne, ashe wasu baƙaƙen birai ne da ba su kai ƙaramin yaro girma ba, haka suke gaishe da juna daga bishiya zuwa bishiya. Da alfijir ya keto na ce wa jagora ina buƙatar 'yan mintuna, bai ce komai ba ya tsayar da kowa, ya haska min gefen hanya ya tabbatar babu maciji babu layin tururuwan nan masu yankan ganye, na shimfiɗa darduma na fuskanci arewa maso gabas dan can alƙibla take daga wurin, na yi sallata, dattijuwar nan 'yar Kanada ta riƙe min jaka. Babu wanda ya yi tsaki babu wanda ya duba agogo. A babbar tawaga ta mutum hamsin da mai tuta a gaba wannan ba za ta yiwu ba, ko dai ka bari sallar ta wuce ko a bar ka kai kaɗai a duhu.

Dalar da ake hawa dan ganin fitowar rana ita ce ta huɗu, mafi tsayi a wurin, kusan mita 70, an yi mata matakalar katako a gefe. A sama aka ce kowa ya yi shiru. Farin hazo ne ya rufe komai da farko, sannu a hankali ya fara yayewa, sai ga daji kore shar iya ganinka, ga kawunan dalar farko da ta biyu da ta uku sun ɓullo ta saman bishiyoyi, aku da tsuntsayen nan masu ƙaton baki mai launi suna giftawa. Abin da ya zo min a rai a nan shi ne duk wannan dajin da muke kallo lokacin da birnin ke raye babu shi, gidaje ne da gonaki da tituna, daji daga baya ya zo ya cinye.

Da gari ya waye muka gangaro babban dandali, a nan na san amfanin jagoran da ya san aikinsa. Akwai dogayen duwatsu da aka kakkafa a tsaye, an sassaƙa hoton sarki da rubutu a jiki, ni da zan wuce su ne kawai, shi kuwa ya durƙusa ya koya mana lissafinsu a ƙasa da tsinke, ɗigo ɗaya 1 ne, sanda kwance 5 ce, suna da alamar sifiri, kuma ashirin-ashirin suke ƙirga. Da wannan suke rubuta ranar da abu ya faru ba kuskure. Dutse mafi tsufa mai kwanan wata a Tikal na shekarar 292 ne, na ƙarshe kuma 869. A tsakani akwai labarin sarauta irin wanda duk ɗan ƙasar nan zai gane, a 378 wani baƙon jarumi ya iso daga Tiyotiwakan can tsakiyar Meziko, tafiyar kusan kilomita 1,000, a ranar da ya iso sarkin Tikal ya mutu aka naɗa sabon gida, a 562 abokan gaba suka ci birnin da yaƙi ya yi sama da shekara 100 ba a jin ɗuriyarsa, sai a 695 wani sarki Hasaw Can Kawil ya rama, ya murƙushe babbar kishiyarsu birnin Kalakmul. Kabarinsa na ƙarƙashin dalar farko mai mita 47, wadda ake bugawa a duk hoton Tikal, a 1962 masu tono suka same shi, ta huɗun da muka hau kuma ɗansa ne ya gina wajen 741. Duk wannan babu ƙarfe, babu jaki babu raƙumi babu amalanke, dutse ake sara dutse da shi, a ɗauka a ka da baya.

Karanta rubutun nan ma ba a daɗe da iyawa ba. A 1562 wani limamin kirista ɗan Sifaniya, Diyego de Landa, ya tara littattafan Maya a garin Mani ya cinna musu wuta, yanzu guda 4 kacal suka rage a duniya, sai a 1952 wani Barashe Yuri Knorozov ya gano bakin zaren karatun. Abin ya yi min ciwo dan na tuna akwatunan takardun ajami da ke gidajen malamai a garuruwanmu gara na ci. Katakan da suka gicciya a saman ƙofofin dalar kuwa na bishiyar da ake tatsar ƙaron cingam ne, sun haura shekara 1,200 ba su ruɓe ba, mafi kyawunsu Turawa sun ɓalle, yana wani gidan tarihi a Basel ta ƙasar Suwizalan.

Bayan nan tsarin tafiyar cewa ya yi a wuce wani rukunin dala a koma cin abinci. Na roƙi jagora ya kai mu tafkunan. Ya juya ya tambayi sauran, kowa ya ce a je, dattijon nan ma ya ce shi ya gaji da hawa, gara gangara.

Toh a nan zan ɗan zauna, dan shi ya kai ni. Ruwan sama a Tikal ya kai kusan ninki biyu na wanda muke samu a Gombe, amma suna da raninsu na wata da watanni, kuma ƙasar wurin dutsen farar ƙasa ce, irin wanda ake siminti da shi a Ashaka, shi kuwa wannan dutse ruwa narka shi yake a hankali ya yi ta huda ramuka, in an yi ruwa kafin ka ce me ya zurare ƙasa can inda hannu ba ya kaiwa. Akwai 'yan ƙananan idon ruwa da suka ja mutanen farko suka zauna, amma ba abin da zai shayar da birni ba ne. Abin da suka yi shi ne, ramukan da suka fasa dutsen gini suka bari ba su cike su ba, suka daɓe gindinsu da laka da duwatsu yanda ba za su tsotse ba, suka zama tafki. Sannan duk dandalin birnin da tsakar gidajen sarauta da manyan tituna aka shafe su da farar ƙasa sumul, aka ɗan karkata su kaɗan yanda ido ba zai lura ba, duk ɗigon da ya faɗo a kan dala ko dandali ya san hanyarsa. Kaman dai yanda uwar gida take jera baho da bokiti a ƙarƙashin indararo in hadari ya haɗo, su birnin gaba ɗaya suka mayar baho. Wato ginin da ake zuwa kallo da tafkin da ba a zuwa kallo aiki ɗaya ne, rami ɗaya ya ba da dutse ya kuma riƙe ruwa.

Muka tsaya a bakin wanda ake kira tafkin fada, a bayan gidajen sarauta. Yanzu wani kwari ne mai zurfi da bishiyoyi suka cika, in ba ka sani ba za ka wuce shi. Na gangara ciki har ƙasa na ɗaga kai na kalli gaɓar, na ɗebi ƙasar gindin na murza a hannu, baƙar laka ce mai danƙo. A bakinsa na gabas akwai madatsar da suka gina, tsawonta kusan mita 80 tsayinta kusan mita 10, samanta kuma titi ne da mutane ke bi su tsallaka daga wannan unguwa zuwa waccan, a jikinta masu tono sun samu ƙananan kafofi a matakai daban-daban da ake toshewa a buɗe gwargwadon yanda ruwa ya ja baya. Tafkunan ma hawa-hawa ne, na kan tudu a tsakiyar birni na sha ne, abin da ya malalo ko ya ɗan gurɓata ya gangara na ƙasa a bakin fadama a yi noma da shi.

Abin da ya fi taɓa ni tacewa ce. A mashigar ruwan sukan yi wani akwati su cika da yashi ruwa ya bi ta ciki kafin ya faɗa tafki, yashin kuma babu shi a Tikal, daga wajen kilomita 30 ake ɗauko shi a ka. A 2020 masu bincike daga jami'ar Sinsinati ta Amurka suka samu wani ma'adini mai suna ziyolait a lakar wani tafki da ake kira Koriyental, shi ne ma'adinin da har yau ake sawa a matatar ruwa ta zamani, kuma sun nuna an fara amfani da shi a wurin sama da shekara 2,000 da suka wuce. Su Maya ba su san sunan ƙwayar cuta ba, amma sun lura ruwan da ya fito ta irin wannan yashi ya fi daɗi ya fi haske, suka bi abin da idonsu ya gani. Jagora ya ƙara min da wata, ya ce in duba hotunan sarakunan zan ga furen bado a rawaninsu, sabida bado ba ya yi sai a ruwa mai tsabta, toh sarkin da tafkinsa ke fitar da bado ya cika sarki. A bakin ƙofar shiga har yanzu akwai tafki ɗaya da ruwa a ciki har da kada, kuma masu tonon da suka zo daga jami'ar Fensilbaniya a 1956 da suka rasa ruwan sha tsohon tafkin Maya suka gyara suka yi ta sha.

Kuma ta ruwan dai abin ya lalace. Jan fentin da suke shafa wa gine-gine da gawar manya yana da zaiba a ciki, shekara da shekaru ruwan sama na wanko shi yana zubawa a tafkunan tsakiyar birni, bincike ya samu zaibar jibge a lakar tafkin fada, ya kuma samu alamar gansakuka mai dafi irin wadda ke mayar da ruwa kore. Ga sare daji, dan ƙona farar ƙasar shafe itace take ci ba kaɗan ba, ga mutane sun yi yawa, ga yaƙe-yaƙe tsakanin birane, sai kuma fari ya zo a jere a ƙarni na 9. Birnin da rayuwarsa kaf a kan ruwan sama take in damina ta ƙi sau ɗaya zai jure, in ta ƙi a jere tafki ya ja baya sauran ruwan ya zama guba, me sarki zai gaya wa jama'a? Ba a rana ɗaya aka watse ba, gida-gida aka yi ta tashi, zuwa ƙarni na 10 wurin ya zama kufai. Sai 1848 hukuma ta tura tawagar farko ta duba shi, a 1979 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, a 2018 kuma aka sanar cewa da aka haska dajin Peten daga jirgin sama da na'urar da ke ratsa ganye an gano gine-gine sama da 60,000 da ba a san da su ba.

Wata daga cikin 'yan matan ta tambaya ina Maya suka tafi da suka ɓace, jagora ya nuna ƙirjinsa. Mahaifiyarsa Kekci take ji, ɗaya daga harsunan Maya sama da 20 da ake yi a Gwatamala, kuma sama da kashi 40 cikin 100 na mutanen ƙasar Maya ne. Garin Filores da muka sauka daga baya, wani ɗan tsibiri a tabkin Peten Itza, shi ne masarautarsu ta ƙarshe, sai 1697 Sifaniyawa suka iya cin ta. A yaƙin basasar ƙasar daga 1960 zuwa 1996 an kashe mutum wajen 200,000 mafi yawansu Maya ne na ƙauye, da ya zo nan muryarsa ta canza, ya taƙaita, mu ma ba mu ja ba. A tsakiyar dandalin akwai wani da'irar murhu da toka a ciki inda har yanzu wasunsu ke zuwa su ƙona turare su yi al'adarsu, ni na tsaya daga nesa, ba addinina ba ne kuma ba abin kallo ba ne a wurinsu.

In Allah ya kai wani cikinku wancan yanki, ƙaramar tawaga ta fi, ko da ta ɗan fi tsada. Akwai takura, ba ka da ikon lokacinka, wani ya makara kowa ya jira, amma za ka iya tambaya a amsa maka, za ka iya cewa a karkata a karkata. Ka tambaya tun kafin ka biya ko jagoran ɗan yankin ne mai lasisi, ka nemi wanda za a kwana kusa da wurin dan a shiga kafin rana ta yi zafi, ka riƙe kambas mai kama ƙasa dan duwatsun na da santsi, da maganin sauro na shafawa, da ruwa fiye da yanda kake zato. Tsakaninmu da su awa 7 ne, gara ka gaya wa gida tun da wuri kar a yi ta kira kana barci hankali ya tashi.

Tun da na dawo lissafi ɗaya nake ta yi wa mutane. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce, toh rufin kwano mai murabba'in mita 100, wato bai kai na bulo ɗaya na azuzuwan firamare ba, in an samu milimita 800 a damina lita 80,000 ke sauka a kansa, jarka 3,200 ke nan mai lita 25, duk tana bin ƙasa tana ƙara tsaga kwarurrukan da suka addabi garin Gombe, in rani ya yi kuma mu bi 'yan ga-ruwa da tanka da kuɗi a hannu. Ba cewa nake a daina bohol ba, da shi nake ci, inda ruwa ke kusa shi ya fi tsabta ya fi sauƙi. Amma akwai ƙauyukan da na auna na san ko an haƙa asarar kuɗi ce, kuma dama da tafki suke rayuwa, tafki ɗaya mutum da saniya, ya ƙafe tun kafin zafi ya tsananta. Tafki buɗaɗɗe ba wasa ba ne, shi ya riƙa ba iyayenmu kurkunu kafin a raba ƙasar nan da ita a 2013, ga rana a nan ta fi ta Peten shan ruwa, dan haka namu sai ya zama mai zurfi marar faɗi, kuma ko an tace sai an tafasa ko a sa magani.

Akwai wani ƙauye a yankin Kwami da na je na samu dagacinsu, na ce ranka ya daɗe, kuɗin da kuka tara kar a zuba su a ramin da na san ba ruwa, a yashe tafkin nan a ƙara masa zurfi, a daɓe gindin da laka, a yi ƙaramin rami a gabansa da zai tare taɓo, ruwa ya bi ta tsakuwa da yashi kafin ya shiga, a kewaye shi, shanu a yi musu mashaya daban daga ƙasa, makaranta da masallaci a sa musu indararo da tanki. Ya saurara har na gama sannan ya ce, Malam, ginawa ba wuya, wa zai riƙa yashewa duk shekara? Aka daɗe a kan wannan, dattawa suka ce a da gayya ake yi, matasa suka ce a sa kuɗi kaɗan a kan kowace jarka a riƙa biyan masu yi, a ƙarshe aka tsaya a kan a haɗa biyun. Za a fara in tafkin ya ƙafe a watan Maris, yashin daga bakin Gongola za a ɗauko, an riga an yi magana da mai tifa.